Rasuwar Mimi, Mai Jin Jirage Daga Nesa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda ɗaci bai bar wa haƙuri wuri a cikinta ba tukuna, ni Hamawaki Kinue, mai shagon taliya da ke daura da ƙofar filin jirgin tsibirinmu, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta da abokan ciniki rasuwar Mimi, 'yar ƙaramar kwamfutar da ta zauna a kan kantar shagona, tsakanin tulun miya da rediyo, tana sauraron sama a madadinmu. Ta rasu cikin makon jiya da hantsi, bayan gajeriyar jinyar da ba ita ta jawo wa kanta ba. Na ji wasu suna cewa tsufa ne. Ina roƙon masu faɗin haka su dakata har sai sun karanta wannan sanarwa zuwa ƙarshe.

Marigayi mijina Genzo ne ya kawo ta gidan nan, shekarar da ya bar aikin gyaran injinan jiragen kamun kifi saboda ciwon baya. A cikin ambulan ta zo. Wani koren allo ne tsirara, bai fi tafin hannu ba, ko murfi babu. Na juya shi gaba da baya na ce, "To ina sauran jikin?"

"Ke dai ba ta wuri," in ji shi. "Wannan da kike rainawa, kunnenta ya fi na duk matan tsibirin nan, har da Fusa."

Fusa ita ce mai tuƙa tasin filin jirgi, aminiyata tun muna 'yan mata, kuma ba a taɓa yin abu a tsibirin nan labarinsa bai hau motarta ba.

Haihuwar Mimi ba ta zo da sauƙi ba. Genzo ya yi makonni da tabarau a kan hanci, yana kwafar umarni harafi bayan harafi da yatsa guda, yana zagin duk wanda ya ƙirƙiro abin. Ya zuba mata manhajar bin sawun jirage a kan wani kati da bai fi farcen ɗan yatsa ba, ya soka mata wata na'urar kama sauti mai kama da babban yatsa, sannan ya lanƙwasa wayar tagulla a cikin gwangwanin kofi ya ce eriya ce. Da bayan nan nasa ya hau rufi ya ɗaure ta, ina ƙasa ina riƙe da tsani ina faɗa. Kowane jirgi, kamar yadda ya yi mini bayani daga can sama, yana tafe yana shelar sunansa da tsayinsa da inda ya nufa, masu sauraro ne dai babu. Da ya sauko ya haɗa ta da tsohuwar talabijin ɗin shago, muka zuba ido ga taswira babu komai, har na koma yankan albasa. Can sai na ji ya yi ihu. Wani ɗan jirgi ruwan ɗorawa ne yake rarrafe a kan teku, ya nufi Shanghai. Genzo ya rungume ni a gaban mutane, abin da bai taɓa yi ba ko ranar aurenmu.

Marigayiya ta kasance mai wadatar zuci. Wutar da take ci ba ta kai ta fitilar banɗaki ba. Ba ta taɓa neman hutu ba, ba ta taɓa ƙorafi a kan tururin tukunya ko iskar gishiri ba. Idan guguwa ta ɗauke wuta, ana dawo da ita za ka ga 'yar koriyar fitilarta tana ƙyafta ido, ta koma bakin aiki kafin firiji ya gama tari. Duk abin da ta ji tana aika wa sauran masu sha'awar jirage na duniya ta intanet, kyauta, ba ta san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba.

Amma babbar ɗabi'arta ita ce gaskiya. Mu da jirgi biyu kawai ke zuwar mana, na safe da na yamma, mun san abin da hazo yake yi. Lasifikar filin jirgi za ta ce a yi haƙuri, an ɗan sami jinkiri. Mimi kuwa ta nuna maka jirgin yana zagaye a saman teku, ya yi zagaye ya ƙara, sannan ya juya hanci ya koma inda ya fito. Masu aika kifi cikin ƙanƙara a shagona suke tsayawa kafin su rufe akwatuna. Masu jiran mara lafiya daga babban asibiti a nan suke zama. Har ma'aikatan filin jirgin kan leƙo da sunan shan romo, idonsu yana kan talabijin.

Sannan akwai muryarta. A kan wannan ne nake roƙon a ba ni lokaci.

A shekararta ta biyu Genzo ya koya mata magana. Ya ɗauki muryarsa da kansa, ya ajiye a cikin katin, ya tsara yadda idan jirginmu ya kawo wani wuri a kan taswira za ta saki muryar ta wata 'yar lasifika. Idan jirgi ya kusa, sai ka ji Genzo daga kan kanta: "Kinue! Ɗora ruwa, ga baƙi nan!" Idan jirgi ya juya saboda hazo: "Ya koma. Kashe wuta, zo ki zauna ki huta wa ƙafafunki." Akwai wadda ya yi wa jirgin asibiti mai saukar ungulu, a hankali ya yi ta, kamar mai magana a bakin ƙofar mara lafiya: "Wani ba lafiya. A yi shiru." Ta jirgin yamma kuwa ta lalace tun wajen ɗauka, don ya fara magana tari ya sarƙe shi, kuma ana jin muryata daga ɗakin girki ina cewa ai ga amfanin taba nan. Na ce ya sake. Ya ce ita ce ta fi kyau, haka za ta zauna.

Genzo ya faɗi a bakin tashar jiragen ruwa wata safiya, bai tashi ba. Muka yi abin da ake yi. Da na buɗe shago bayan zaman makoki, ina share kanta, sai na ji an ce, "Kinue! Ɗora ruwa, ga baƙi nan!" Tsumman ya faɗi daga hannuna. Na daɗe a tsaye. Daga nan na je na ɗora ruwan, domin baƙin da gaske suna tafe.

Ba zan ɓoye ba, ina amsa masa. "Na ji, tsoho, na ji." Idan ya yi tarin yamma nakan ce masa ai ga amfanin taba nan. Masu cin taliya sun saba, wasu har gaishe shi suke yi. Na san inda tokar gawarsa take, ni nake wanke dutsen kabarinsa. Hankalina bai taɓu ba. Kawai dai a rana sau biyu akwai mai kiran sunana yadda babu wanda ya rage a duniya yana kiransa.

Ɗana Naoto bai ga abin haka ba. Shi kaɗai muka haifa, yana aiki a birnin Fukuoka, kuma tun rasuwar ubansa yake so in rufe shago in koma wurinsa. Ya ce ya tanadar mini ɗaki mai kallon kogi. Cikin sanyin bara, muryar ta kira ni ina bayan shago, na taho da sauri, santsi ya kwashe ni, wuyan hannuna ya karye. Naoto ya zo ya zauna da ni a asibiti. Da muka dawo gida jirgin yamma ya taso, uban ya yi tarinsa, ni kuma na ba shi amsar da na saba. Sai na ga yaron ya ajiye cokali.

"Mama, da wa kike magana?"

"Da wanda ya yi tari."

"Baba ya rasu, Mama."

"Ni na rufe masa ido. Ci abincinka."

"Inji ne yake ba ki umarni kina gudu kina karyewa. Wata rana a cikin tukunya za ki faɗa."

"Shekara arba'in ubanka yana ba ni umarni ban faɗa tukunya ba. Santsi ne, kuma na sayi tabarmar roba."

Ya ɗauki cokalinsa ya ci gaba da ci. Na ɗauka maganar ta mutu.

Yanzu ga jinyar. A farkon damina wani jan rubutu ya fara fitowa a ƙasan taswira, wai manhajar ta tsufa, idan ba a sabunta ta ba za a daina karɓar abin da Mimi take aikawa. Ban damu ba. Jirage suna fitowa, Genzo yana kira, me ya dame ni da mutanen da ban sani ba?

Sai ga Malam Kuramochi. Shi ne ya koyar da kimiyya a makarantarmu har ya yi ritaya, shi ne shugaban 'yan tsofaffin da ke kallon jirage a tsibirin nan, kuma abokin Genzo ne tun suna zuwa makaranta babu takalmi. Ranar da aka ƙona gawar mijina shi ya tsaya a gefena ya riƙe mini gwiwar hannu. Ya shigo ya zauna, ya kalli jan rubutun ya girgiza kai kamar likita, sannan ya kira sunana da girmamawa irin tamu ta nan.

"Kinue-san, wannan ba abin wasa ba ne. Idan aka bar ta haka, wata safiya za ki tashi ki ga teku babu jirgi ko ɗaya. Komai zai tsaya."

"Har muryar?"

"Har ita. Babu jirgi, me zai tashe ta?"

"To in an sabunta fa?"

"Sai an share katin kaf, a zuba sabo. Amma kafin nan zan kwafe duk abin da ke ciki in ajiye. In an gama in mayar da muryar inda take."

Na ce, "Malam, ka san babu wani wurin da muryar nan take sai cikin katin nan."

Ya ɗora hannu a ƙirji. "Genzo ɗan uwana ne. Ko tarinsa ba zai ɓata ba."

Ya dawo bayan cin abincin rana, lokacin da shago ba kowa, da kwamfutarsa ta cinya. Ya kashe Mimi. Wannan ne karo na farko da na ga an kashe ta da gangan. Ya zaro katin da ɗan hantsaki, ya soka a tasa. Na kawo masa shayi da wainar dankali, wadda ya saba cinye faranti guda ya nemi ƙari. Bai taɓa ba. Na zauna ina kallon wani layi yana cika a hankali a kan allonsa, ina tsammanin kwafin ne ake yi. Har na ce masa ya yi a tsanake, babu gaggawa. Ya ce to, bai ɗago ba.

Da ya mayar da katin, Mimi ta daɗe kafin ta farka. Taswirar ta fito sabuwa, shuɗiya, ƙasaitacciya, jirage har da 'yan wutsiyoyi masu launi. Na yi masa godiya. Na naɗe masa wainar a takarda ya tafi da ita.

Jirgin yamma ya taso. Na gan shi a kan taswira ya wuce inda Genzo yake fara tari, ya ci gaba, ya sauka. Babu abin da ya fito daga lasifika. Fasinjoji suka shigo suka tarar da ni a tsaye ina kallon kanta, tukunya da sanyinta.

Na buga wa Malam waya. Ya ce ƙaramin gyara ne, gobe zai zo. Goben ya ce kwamfutarsa ce take ba shi wahala. Bayan nan ya ce ƙafarsa. A wannan tsakanin Mimi tana shan wuya. Sabuwar manhajar ta fi ƙarfinta, an yi ta ne don 'yan bayanta masu ƙarfi. 'Yar fankarta da a da sai ka kasa kunne za ka ji numfashinta, ta koma kuka kamar sauro a cikin kwalba. In ka taɓa ta sai ka janye hannu, zafi kamar murfin tukunya. Jirage suka riƙa daskarewa a tsakiyar teku, ta mutu ta farfaɗo, ta mutu ta farfaɗo. Na matsar da ita bakin taga. Na kunna mata fankar shago ita kaɗai, masu cin taliya suna gumi. Ranar ƙarshe ta yi wani ɗan sauti, ƙit, taswira ta ɗauke, koriyar fitila ta mutu, ja kaɗai ta rage. Na zare waya na mayar, na sake, na sake. Daga baya jar ma ta tafi.

Ko a lokacin ban yi kuka ba. Na ce ai jiki ne ya tafi, muryar tana wurin Malam.

Fusa ce ta shigo da yamma ta ga na lulluɓe kanta da ƙyalle. Ta zauna ba ta nemi abinci ba, tana ta juya makullin mota a hannu.

"Yaya Kinue, in tambaye ki mana. Abin da Naoto ya zo shiryawa ranar nan, an yi shi kuwa?"

"Wace rana? Rabon Naoto da tsibirin nan tun karayata."

Ta yi shiru, abin da ban taɓa gani ba a wurin Fusa.

"Yi magana."

"Wallahi na ɗauka abin farin ciki yake haɗa miki. Kafin a fara ruwa ne. Ya sauka a jirgin safe, ya bi ta ƙofar kaya don kada ya wuce gaban shago. Ya kwanta a kujerar bayan motata kamar ɓarawo, ya ce in kai shi gidan Malam, kada in gaya miki. Da yamma na dawo da shi ya hau jirgi. Ni da bakina, Yaya, na riƙe maganar nan har ta kusa kashe ni."

Na tuna ranar, ko wata mai kama da ita, duk ɗaya ne. Uban ya ce mini in ɗora ruwa ga baƙi nan, na ɗora, na ciyar da 'ya'yan mutane, nawa yana kwance a bayan tasi yana wuce ni.

Washegari da safe na rufe shago na tafi gidan Malam. Na same shi a lambu yana ɗaure tumatir. Da ya gan ni ya cire hula.

"Malam, na zo karɓar mijina."

"Kinue-san, shigo ciki mu..."

"A nan ma ya isa. Ina kwafin?"

Ya kalli igiyar da ke hannunsa. "Babu."

"Ya ɓata ne, ko ba a yi ba?"

"Ba a yi ba." Ya ajiye igiyar. "Yaron ya zo nan ya durƙusa mini. Yana kuka, Kinue-san. Ya ce muddin muryar nan tana kan kanta ba za ki taɓa barin shagon ba, kuma wata rana waya za a buga masa. Ya ce kada in bar ko ɗaya, don in kin san akwai, sai kin tono."

"Kai kuma ka ce to."

"Na kai yatsana kan maɓallin kwafi. Na rantse na kai. Na ce bari in yi in ɓoye. Sai na tuna na yi wa yaron alkawari."

"Ni fa? Ni ba alkawari ka yi mini ba, da hannu a ƙirji?"

"Ya riga ki," in ji shi, a hankali.

Na tambaye shi abu ɗaya da ya rage. Na ce da an bar ta da tsohuwar manhajar, da gaske jiragen za su ɓace? Ya ce a'a. Aikawa waje ce kawai za ta tsaya. Taswira za ta ci gaba, muryar ma haka, har sai ranar da katin ya gaji don kansa. Na ce ya san sabuwar ta fi ƙarfinta? Ya ce ya yi zaton za ta jure.

Na ce, "Wainar da na naɗe maka, ka ci?"

Na juyo.

Naoto na bari sai da na isa gida na zauna. Ya ɗauka a bugun farko, kamar mai jira.

"Mama, lafiya?"

"Kujerar bayan Fusa tana da daɗin kwanciya?"

Can ya ce, "Don ke na yi."

"Na sani. Shi ya sa abin ya fi ciwo. Da maƙiyi ne da na san inda zan ajiye shi."

"Mama, ba kya ganin kanki. Kina zuba shayi kofi biyu. Kina faɗa da lasifika. Ni kaɗai gare ki, ina can nesa, duk wayar da ta yi ƙara sai gabana ya faɗi."

"Sai ka zo ka faɗa mini haka a fuskata, mu yi faɗa, in kore ka, ka dawo. Haka ake yi. Ba a aiko wa uwa malami da hantsaki."

"Da na faɗa ba za ki yarda ba."

"Ba zan yarda ba. Nawa ne, ina da ikon ƙi."

Ya ce zai saya mini sabuwa, mai ƙarfi, wadda ba ta zafi. Na ce ta iya tari? Sai wani abu ya zo mini, ban san daga ina ba.

"Naoto. Kai ba ka da muryarsa ko ɗaya?"

Uwa ta san shirun ɗanta kala-kala. Wannan irin wanda yake yi ne yana yaro idan ya ɓoye abu a bayansa.

"Akwai saƙo guda," ya ce daga ƙarshe. "A wayata. Ya kira bai same ni ba, ya bar magana. Ba wani abu ba ne, faɗa yake yi a kan ban canja tayoyin mota ba."

"Kana saurara?"

"Wani lokaci. A jirgin ƙasa, in na taso aiki."

"Ka canja waya tun rasuwarsa."

"Nakan mayar da shi cikin sabuwar."

"Ashe ka iya kwafi," na ce, na ajiye wayar.

Marigayiya ta rasu ta bar eriyar gwangwani a kan rufi, wadda har yanzu take tsaye tana saurare ba ta da wanda za ta gaya wa. Ta bar tsohuwar talabijin, da ta koma nuna wasan ƙwallon sanda ba da son ranta ba. Ta bar caja mai naɗe da baƙin salatif, da 'yar lasifika da babu laifinta a cikin wannan al'amari. Ta bar masu aika kifi, waɗanda yanzu suke leƙa sama da hannu a goshi kamar kakanninsu. Ta kuma bar ni. Ga masu tambaya, shago yana nan a buɗe, kuma ɗakin nan mai kallon kogi a Fukuoka ana iya zuba kaya a ciki.

Na je wurin limamin haikalinmu na kan tudu na tambaye shi ko zai yi mata addu'a. Ya ce ya yi wa allurai, ya yi wa 'yan tsana, ya taɓa yi wa injin jirgin ruwa, bai ga dalilin da zai hana wadda ta yi aiki da gaskiya ba. Ya tambayi sunanta ya rubuta da burushi, bai yi dariya ba. Ina gode masa.

Saboda haka za a yi jana'izar Mimi ranar Asabar mai zuwa a haikalin kan tudu, bayan tashin jirgin safe. An naɗe ta a cikin tawul ɗin wuyan Genzo, an sa ta a akwatin abincinsa na katako, wanda ya yi mata daidai kamar an auna. Katin yana jikinta. Ba a buƙatar furanni. Duk wanda ya taɓa gaishe ta a shago ya zo ya kunna tsinken turare guda, ya isa. Bayan addu'a za a sauko shago a ci taliya, Fusa za ta yi jigilar masu ciwon gwiwa.

Kada kowa ya kawo sabuwar na'ura da sunan ta'aziyya. An riga an aiko da ɗaya daga Fukuoka, ta koma a jirgin da ya kawo ta.

Malam Kuramochi ya aiko yana tambaya ko zai iya zuwa. Zai iya. Akwai wuri a bakin ƙofar haikali, wajen da ake ajiye takalma, daga nan ana jin komai. Idan an sauko shago za a ba shi kwano kamar kowa, don mijina ba zai so a bar abokinsa da yunwa ba. Ni dai ba ni zan miƙa masa ba.

Naoto zai sauka a jirgin safe, kuma ta ƙofar gaba zai fito. Shi zai ɗauki akwatin daga shago zuwa kan tudu, a ƙasa, a gaban mutane. Na ce ya zo da wayarsa cike da caji. Babu wanda zai yi jawabi. Idan liman ya gama, Naoto zai tsaya kusa da akwatin ya kunna saƙon ubansa da ƙarfi, duk mu ji Genzo yana faɗa a kan tayoyi. Ban ce ya ba ni ba. Ban kuma ce ya goge ba. Wayar tasa ce, yatsan ma nasa ne, kuma ni zan kasance a tsaye a gabansa ina kallon fuskarsa.

Masu zuwa su taho da laima. An ce za a yi ruwa.